Akwatin da Mai Firji Ya Ƙera

In ka tambayi Mai Firji yau ko gaskiya ne ya taɓa fitowa a fim, sai ya ajiye sifana, ya goge hannu a wando, ya ce ƙwarai kuwa, fim ɗin ban tsoro ma, kuma a duk ɗakin da aka nuna shi mutum ɗaya ne tak ya ji tsoro, shi ne shi. Daga nan sai ya turo maka kujerar roba, don labarin ba na tsaye ba ne. Kujeru biyu ne a shagon, amma ta hagunsa ba a zama, tana da mai ita.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran firji a shago ɗaya, wani ɗan tsukuku tsakanin mai wanki da guga da mai facin taya. Ko'ina ƙofofin firji ne a jingine, tsofaffin injina a jere a ƙasa, ga warin baƙin mai da ya kama bango. Bai yi karatun aikin a wata makaranta ba. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Sauran masu gyara sai sun kwance bayan firji, sun auna nan sun auna can, shi kuwa sai ya ce a jona wuta, kowa ya yi shiru, ya kara kunnensa a jikin firjin, ya lumshe ido. Minti ɗaya ya ɗago ya ce gas ne ya tsiyaye, ko fanka ce ta gaji, ko kuma lafiyarsa ƙalau, ku ne kuke cusa masa tukunya da zafinta. Kuma in aka buɗe haka abin yake. Da kunnen nan ya gina ɗaki uku, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta. Da shi ma ya sami mata, don gyaran firizar uwarta ya je, ya koma har sau uku alhali tun zuwan farko ta gyaru.

Matar tasa ƙanƙara take sayarwa, shi ya sa kowa yake ce mata Mai Ƙanƙara. Firiza uku gare ta a baranda, ga kuma firjin gida a kicin, wanda maigidan yake alfahari da shi fiye da yadda yake yi da 'ya'yansa. Mace ce marar yawan magana. Shi yana cewa ya riga ya yi ta su biyu tun kafin a haife ta.

To kunnen nan ne ya fara tafiya ba sallama. Tsuntsayen safe ne suka fara yin shiru, ya ce ai an sare itatuwan unguwa. Sai cokali ya daina ƙara a kofi. Sai wayarsa ta riƙa yin ruri a aljihu har sai wani ya taɓa shi ya nuna masa. Manyan sauti suna nan, yana jin babbar mota, yana jin gurnanin injin firji a ƙashin kumatunsa, amma duk wani siririn sauti ya tafi, na dama gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan. Bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa. Ya koyi kallon baki, ya koyi cewa "haka ne" a inda ya dace da inda bai dace ba, in ya ga ana dariya ya taya. Tsoronsa ɗaya ne, kuma yana kwana da shi yana tashi da shi: ranar da unguwa ta san Mai Firji ba ya ji, sunan ya ƙare, aikin ya ƙare, kowa ya tsallaka titi wajen sabon shagon nan mai na'urori masu lambobi. Don haka ya ci gaba da cewa kowa ya yi shiru, ya kara kunne, ya lumshe ido, yana sauraron abin da ba ya ji.

Kuma fa gyaran yana yiwuwa, don hannu ya san aikinsa. Firji yana sanyi. Abu ɗaya ne ya kuɓuce masa. A bayan kowane firji akwai wani siririn bututun gas, in an gama gyara dole a ɗan lanƙwasa shi ya rabu da ƙarfen baya, in ba haka ba duk sa'ad da inji ya tashi sai ya riƙa gogar ƙarfen: kir-kir-kir, tak. A da da kunne yake kama wannan, ya sa babban yatsa ya gyara kafin mai firjin ya ankara. Yanzu kuwa firji sai ya koma gida da ƙararsa. Babu wanda ya dawo ya gaya masa. Wa zai dubi tsabar idon dattijon da ya gyara wa uwarsa firji ya ce aikinsa yana ƙara? Kowa ya ɗauka nasa ne kaɗai ya tsufa, ya yi shiru ya saba.

Ana cikin haka sai ga Auta, ƙanin Mai Ƙanƙara, mutum ne mai shekara talatin da wani abu, mai ɗaukar hoton katin shaida, wanda ya wayi gari ya ce a riƙa kiransa Darakta. Ya zo shago da littafin rubutu na 'yan makaranta, ya zauna a kan wata matacciyar firiza, ya ce Yaya, fim zai yi. Labarin wani akwati ne da ya faɗo daga wata duniyar bayan taurari, wata ƙungiyar asiri ta tsince shi tana yi masa bauta. Duk wanda suka tura ciki sai ya fito jininsa ya daskare, ba ya gane uwarsa, ba ya gane kowa sai akwatin. Kuɗin yin fim kuwa babu, sai kyamara ɗaya da yardar maƙwabta. Abin da yake so shi ne Yaya ya ƙera masa akwatin.

Mai Firji ya ce shi ba abokin wasansa ba ne, ya kore shi. Amma ranar ya kasa cin abinci sosai. Shekara talatin da huɗu yana gyaran abin da wasu suka ƙera, bai taɓa yin nasa na kansa ba, ko da akwatin bautar banza ne. Washegari shi ya kira Auta.

Mako biyu ya yi a kai, ya bar aikin mutane. Ya tayar da wata tsohuwar firiza tsaye, ya shafe ta da fenti ruwan azurfa, ya liƙa mata mesar injin wanki guda shida suna reto, ya jera mata fitilun keke. A ciki ya sa inji mai rai, yadda in an buɗe ƙofa hayaƙin sanyi na gaske zai fito. Da ya gama ya jona wuta, ya ce kowa ya yi shiru, ya kara kunne, ya lumshe ido, ya ɗago ya ce wa Auta ya ji yadda ake aiki, ko numfashi ba ya yi. Auta kuwa yana jin ƙarar da akwatin yake yi. Maimakon abin da ya kamata ya faɗa, sai ya ce wallahi tsayuwar nan ta Yaya ita ce tsayuwar uban ƙungiya, dama malamin koyon tuƙin da zai hau matsayin ya janye, Yaya ya taimaka ya hau. Mai Firji ya ƙi har sau biyu, a na biyun yana gyara wuyan riga.

A wani tsohon sito aka ɗauki fim ɗin, da rana tsaka, an toshe tagogi da kwali. 'Yan ƙungiyar asiri duk mutanen layi ne, an sa musu baƙaƙen rigunan ruwa da tabaran walda na aro, suna ta zufa. Mutane ba su isa ba, don haka tela ya mutu sau biyu, na farko da hula, na biyu babu. Maganar Mai Firji a fim ɗin ba ta da yawa, kusan layi ɗaya ne yake maimaitawa, ya haddace shi a gaban madubin banɗaki har matarsa ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko lafiya.

Ranar Asabar da yamma aka nuna shi, a wani ɗakin taro na haya. An rufe tagogi da barguna, an ɗaura farin zanen gado a bango, lasifika biyu a gaba, fanka ɗaya tana juyawa don a ce akwai ta. Unguwa ta taso kaf, har da waɗanda suka ce su ba sa kallon shirme. Mai Firji ya sa kayansa na zuwa taro, ya zauna a layin farko, Mai Ƙanƙara a hagunsa. Abin da yake so ba wani abu ba ne mai yawa: ya ga mutanen da suka saba ganinsa a tsugune da baƙin mai suna rufe ido saboda shi.

Farkon fim ɗin ya tafi yadda irinsa yake tafiya. Da akwatin ya faɗo daga sama, wato tocilan da aka wurga ta kan katanga, tsohon malamin kimiyya da ke layi na biyu ya bayyana wa na kusa da shi cewa abu ba ya faɗowa da wannan gudun. Wata mata ta gane labulenta a ɗakin ƙungiya, ta ce dama nan ya zo. Da tela ya mutu karo na biyu matarsa ta ce na farkon ya fi kyau. Mai Firji bai ji ko ɗaya ba, daga baya aka ba shi labari. Abin da ya gani da idonsa shi ne, da aka zo wurin da 'yan ƙungiya suka yi da'ira a cikin duhu, tabarau suna ƙyalli, suna jan wata budurwa zuwa bakin akwatin, ɗakin ya nutsu. Matar mai kemis ta ja gyale ta rufe fuska. Mai facin taya, ƙato guda, ya daina kaɗa ƙafa. A gaskiya wurin ya yi kyau, kuma Mai Firji ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki har maƙogwaro.

Sai aka kunna akwatin. Fitilun keke suka kama, hayaƙi ya fito, lasifika biyu suka cika ɗakin da kir-kir-kir, tak. Auta ya yi iya ƙoƙarinsa ya cire ƙarar a kwamfuta, amma tare aka ɗauke ta da muryoyin mutane, ta ƙi fita. A jikin zanen gado kuwa ga uban ƙungiya ya tako a hankali, ya kara kunne a jikin akwatin, ya lumshe ido, ya ɗaga hannu ɗaya.

"Ku yi shiru," in ji shi da wata irin murya mai kauri. "Yana magana. Babu mai jin muryarsa sai ni."

Kir-kir-kir, tak.

Mai wanki da guga ne ya fara. Ba da niyya ba, bakinsa ne ya suɓuce, ya ce wallahi wannan firjinsa ne. Wata daga baya ta ce a'a, nasu ne, haka yake yi tun da aka gyara shi. Malamin kimiyya ya juya ya ce nasa ma, kuma har ya zargi ɓera ya sa tarko. Shi ke nan, ɗaki ya ɓarke. Mutanen da kowannensu ya yi shekara biyu yana ɓoye ƙarar firjinsa kamar wani ciwon kunya suka gane ashe duk layin ne. Matar mai kemis ta yaye gyale tana share hawaye. Mai facin taya ya zamo daga kujera. Budurwar da ake ja zuwa halaka a fim tana zaune a layi na uku, ita ma ta kifa kai a cinya tana jijjiga.

Mai Firji ya ji rugugi a ƙasan kujerarsa, ya waiga ya ga kafaɗu suna rawa, baki a buɗe ko'ina. Bai san abin da ya faru ba. Sai ya yi abin da ya saba yi shekara biyu: ya taya. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya fi kowa ma, har ya ɗan miƙe ya ɗaga wa jama'a hannu, yana tunanin wataƙila Auta ya sa wani abin barkwanci a wurin da shi bai lura ba. In ya zo nan a labarin yakan miƙe ya gwada yadda ya ɗaga hannun, ya ce ka ga sakarai da kayan zuwa taro.

Ɗaga hannun nan ne ya kashe dariyar. Ba lokaci ɗaya ta mutu ba, layi-layi ta riƙa mutuwa. Mai wanki da guga, wanda ya yi shekara ashirin suna raba inuwa ɗaya, shi ya fara rufe baki. Ya dubi Mai Firji, ya dubi lasifikar da ke gabansa taku biyu tana ta kir-kir-kir, ya sake dubansa, sai ya sunkuyar da kai. Na bayansa ma haka. Mai Firji yana tsaye da sauran dariya a fuska, ya ga mutum kusan ɗari suna kallonsa da tausayi. Bai san me suka ji ba, amma ya san abin da suka gane. Nan ne ya ji tsoro, tsoro na gaske, ya koma ya zauna.

Saura minti arba'in a fim ɗin, kuma uban ƙungiya yana faɗin layin nan nasa har sau biyar. Babu wanda ya sake yin dariya a fili. Sai dai ka ga mutum ya cije leɓe, wata ta tura gyale a baki, wani ya tashi ya fita da sauri kamar fitsari ya matse shi. Mai Firji ya ce da sun yi dariyarsu da ya fi masa sauƙi. A na huɗu ya karkata wajen matarsa ya tambaye ta me ake ji. Ta matso da bakinta daidai kunnensa na hagu ta ce ya bari su je gida.

Da aka yaye barguna haske ya shigo, kowa ya zo gaishe shi. An yaba akwati, an yaba hayaƙi, malamin kimiyya ya ce tsarin sanyin ya yi daidai da ƙa'ida. Amma duk wanda ya zo sai ya tsaya a gabansa sosai, ya buɗe baki da kyau, yana fitar da kalma ɗaya-ɗaya, irin yadda ake yi wa tsohon da ake lallaɓawa. Auta kuwa ya ɓuya a bayan majigi yana naɗe wayar da ya riga ya naɗe.

Rana ba ta faɗi ba suka isa gida. Mai Ƙanƙara ba ta ko ajiye jaka ba ta wuce kicin, ta sa kafaɗa ta janyo firjin daga bango, ta kamo hannunsa ta ɗora yatsunsa a kan ƙarfen baya. Suka tsaya haka suna jira, shi da kayan taro, ita da jaka a hammata. Can inji ya tashi. Ya ji shi a yatsu: karkarwa uku, sai bugu ɗaya. Ba ya buƙatar bayani. Kuskure ne na wanda ya shiga aikin jiya, kuskuren da shi da kansa ya sha yi wa wasu masu gyara gori a kai.

"Wannan ne a fim ɗin?"

Ta gyaɗa kai.

"Kuma a gidajen mutane?"

"Duk wanda ka taɓa, Baban yara."

"Namu fa, tun yaushe?"

"Shekara biyu da wata huɗu."

Ya so ya yi faɗa, don faɗa ya fi sauƙi. Ya tambaye ta me ya hana ta magana, ita da take wuni a kicin ɗin nan. Ta ce ta sha niyya. Amma kullum da safe sai ya zo wucewa ya shafa firjin ya ce mata ta ji yadda yake shiru, duk garin nan babu mai irinsa, ita kuma sai ta rasa ta inda za ta fara. Ta ce ba a firjin ta gane ba ma, tun ranar da ta kira shi sau uku daga baranda bai waiga ba. Daga ranar ta koma zama a hagunsa, a tabarma, a mota, a ko'ina, ta riƙa maimaita masa maganar baƙi kamar ita ce ba ta ji da kyau ba. Shi kuwa duk zamansa ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta, har yana tausaya mata a ransa.

Ya ji kunya, ya ji haushin kansa, ya kuma ji wani abu da ya fi su duka nauyi, wanda ya sa ya kasa kallonta. Sai ya tsuguna, ya lalubo siririn bututun, ya sa babban yatsa ya tura shi gefe. Aikin bai kai ƙiftawar ido ba. Ya miƙe, jiki ya yi abin da ya saba, ya kai kunne zai kara a jikin firjin, sai ya tsaya a hanya. Ya ja da baya ya ba ta wuri.

Mai Ƙanƙara ta ajiye jaka. Ta kara kunnenta a inda yake kara nasa, ta lumshe ido yadda ta ga yana yi tun a kicin ɗin uwarta. Shi kuma ya tsaya yana kallon bakinta, don ta nan kaɗai amsar za ta zo masa.

"Ya yi shiru," in ji ta.

Ranar Litinin suka fara bin gidaje, shi da babban yatsa, ita da kunne, gida arba'in da ɗaya. Wasu sun tsallaka titi wajen mai na'urori, bai ga laifinsu ba. Fim ɗin kuma har yanzu yana yawo a wayoyin mutane, ana kallonsa a matsayin na ban dariya, Auta ma ya koma cewa dama haka ya nufa. In ka kawo firji shagon yau, Mai Firji zai gyara, ya jona wuta, ya ce kowa ya yi shiru. Sai ta taso daga kujerar hagu, hannunta da sauran sanyin ƙanƙara, ta kara kunne, shi kuma ya jira.